Daga Zaure Zuwa Tsakar Gida: Tarihin Allurar Ɗinkin Riga a Zariya

Gabatarwa

A cikin wannan ɗan rubutu ina so ne in ba da tarihin wata sana'a wadda kowa yake ganin ta ranar Juma'a da ranar Salla, amma kaɗan ne suke tambayar hannun da ta fito, watau ɗinkin hannu na manyan riguna da huluna. Ban ɗauki alƙalami don na fi kowa sani ba, sai dai don wani abu da ya faru a gidanmu.

A shekarar 2022, lokacin da malaman jami'o'i suka yi yajin aikin nan na wata takwas, na koma gida cikin birnin Zariya na zauna. Wata rana ina share ɗakin marigayi kakana, sai na ci karo da wata tsohuwar adaka. Da na buɗe sai na tarar da takardu a nannaɗe, gara ta cinye kusan rabinsu, an yi musu wasu zane-zane da tawada. Na ɗauka ko hatimi ne irin na malamai, saboda haka na kai wa gwaggona. Tana gani sai ta ce, "Ke 'yar nan, ai wannan zayyanar riga ce ta Malam." Gwaggo ta fi shekara talatin tana ɗinkin riga, amma cikin takardun nan uku kaɗai ta iya faɗin sunansu, kuma ta ce ko ɗaya ba za ta iya zanawa da hannunta ba.

Abin ya ɗaure mini kai. Yaya aka yi mutum ya shekara talatin yana bin zane da allura, amma bai san yadda ake fitar da zanen ba? Neman amsar wannan tambaya shi ya sa na shiga tambayar tsofaffi da karanta abin da masana suka rubuta, kuma shi ya kai mu ga kafa wata 'yar ƙungiyar maɗinka a unguwarmu. Zan fara da tarihin tukuna, domin sai an san inda aka fito ake gane inda aka dosa.

Riga aikin gayya ce

Tun asali, babbar riga ba ta taɓa zama aikin mutum ɗaya ba. Manomi ya noma auduga. Mata a cikin gida su gurje ta su fitar da angurya, su shiɓe ta, sa'an nan su kaɗa da mazari su fitar da zare, siriri domin tsaye, abawa kuma domin kwance. Masaƙi ya yi wadari ya saƙa ƙwarya-ƙwarya, kowace faɗinta bai fi 'yan yatsu ba. In rigar saƙi ce ko kore, marini yana da nasa aikin a karofi. Maɗinki ya harhaɗa ƙwaryoyin nan, ya yanka wuya ya ɗora aljihu. Bayan nan ne mai zayyana zai zana aikin a jikin rigar, mai allura kuma ya bi zanen ya cike. Daga ƙarshe a kai wa mabuga su buge ta sai ta yi sheƙi. Ka ga ke nan kafin riga ɗaya ta hau wuyan mai ita, ta ratsa hannu bakwai ko takwas.

Baturen nan ɗan ƙasar Jamus, Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya ga wannan sana'a tana cikin ganiyarta. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano take fitarwa zuwa wasu ƙasashe a shekara sun kai na wuri miliyan 300, kuma ya ce ana kai su har Tumbutu da wasu garuruwan Sahara. Abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne yadda kusan kowane gida yake da rabonsa a cikin aikin.

Zaren ɗinkin kansa yana da tarihi. Akwai tsamiya, watau sulkin gida, wanda ake samu daga sheƙar wasu tsutsotsi masu cin ganyen itatuwa irin su tsamiya. A dafa sheƙar da ruwan toka, a wanke, a kaɗa, sai ta ba da zare mai ƙarfi mai launin ƙasa-ƙasa. Akwai kuma alharini, wanda ragowar sulki ne na masaƙun Turai, ana rina shi ja, fatake su ɗauko shi a raƙuma daga Tarabulus su keto Sahara. Da shi ake yi wa riga shafi a baki daga ciki, ta yadda in mai ita ya naɗe hannunta a kafaɗa jan zai bayyana.

Bayan jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804 da kafuwar Daular Sakkwato, ƙasashen Hausa da Nufe da Ilori suka kasance a ƙarƙashin tuta ɗaya. Masaƙa da maɗinka da 'yan kasuwa suka riƙa kai da kawowa, kowa yana ɗaukar gwanintar wani. Ko sunayen riguna sun isa shaida, domin muna da girken Nufe, da 'yar Ilori, ga kuma 'yar Dikwa wadda sunanta ya nuna ƙasar Barno. Wata masaniyar tarihi mai suna Colleen Kriger ta yi bayanin wannan cuɗanya a cikin littafinta na 2006 a kan tufafi a tarihin Afirka ta Yamma. Har wa yau, riga ta zama harshen sarauta. Sarki yakan ba da ita tukwici, yakan aika da ita gaisuwa, kuma ba a naɗa mutum sai da riga da rawani. Wasu daga cikin rigunan wancan zamani suna ajiye a gidajen adana kayan tarihi na Landan da Barlin.

Allura a zaure

A duk tsawon wannan zamani, allurar babbar riga a hannun maza take, musamman malamai da gardawa. Dalili kuwa a fili yake. Sana'a ce ta zaune wadda ba ta buƙatar babban jari, kuma ba ta hana karatu. Gardi yana iya tilawa da baki hannunsa yana ɗinki, in ya tashi ci-rani kuma allurarsa da zarensa ba su cika gafaka ba. Saboda haka zauren malam ya zama makaranta biyu, ta allo da ta allura.

Wannan ne ya sa zayyanar riga take da dangantaka da rubutu. Alƙalamin kara da tawadar da malam yake rubuta allo da su, da su yake zana riga. Wanda ya dubi zayyanar allon sauka, ya dubi hatimi, sa'an nan ya dubi gaban tsohuwar riga, zai ga 'yan gida ɗaya ne. Akwai aska biyu da aska takwas, watau dogayen tsinayen nan masu kama da askar wanzami da suke saukowa daga wuya zuwa kan aljihu a ɓangaren hagu. Akwai tambari, da'irar nan mai naɗewa da ake yi a ƙirjin dama, a kuma maimaita ta a baya. Akwai gidan biyar, akwai dagi, wanda daga baya ya zama tambarin Arewa. Akwai kuma malum-malum, wadda aikinta yake mamaye gaba da baya har yadin ya kusa ɓacewa, irin wadda takan ci watanni masu yawa kafin a gama. David Heathcote, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello, ya tattara irin waɗannan zane-zane daga hannun maɗinka, ya shirya nunin kayan fasahar Hausawa a Landan a 1976, kuma ya kammala kundin digirinsa na uku a kan ɗinkin tufafin Hausawa a 1979.

Abin lura a nan shi ne yadda ake koyo. Yaro yakan fara da sa wa maigida zare a allura, daga nan a ba shi gefe ya cike, sannu-sannu har a sakar masa aska. Yana zaune a gefe lokacin da maigida yake zana riga, yana kuma jin cinikin da ake yi da mai ita. Kafin ya yi gemu ya san abu uku, ya san ɗinki, ya san zane, ya san farashi. Ina roƙon mai karatu ya riƙe waɗannan abubuwa uku, domin za mu dawo kansu.

Abin da ya zo da Turawa

Turawa sun shiga Zariya a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903, hanyar jirgin ƙasa kuma ta isa Kano a 1911. Kamfanin auduga na Ingila, watau B.C.G.A., ya kafa injin gurza a Zariya, ya shiga sayen auduga ana tafiya da ita Ingila, jirgin da ya kai ta kuma ya dawo da yadi irin su akoko da alawayyo. Masaƙan gida ba su faɗi nan take ba, sun daɗe suna kokawa. Amma da aka buɗe masaƙar zamani ta Kaduna Textiles a 1957, wasu kuma suka biyo bayanta a Kaduna da Kano, sai zaren inji ya cika kasuwa da araha.

Waɗanda abin ya fi shafa su ne mata. Duk wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakinta a ƙasar Zazzau aka buga a 1954, zai ga yadda kaɗi yake a rayuwar matan aure. Da kuɗin zare mace take yin biki, da shi take zubin adashi, da shi take tara wa 'yarta kayan ɗaki. Da mazari ya kwanta, sai hannun mata ya zama babu abin yi, ga shi kuwa hidima ba ta ragu ba.

A ɗaya gefen kuma, wata sabuwar allura ta shigo ta ƙofar makaranta. An buɗe makarantun 'yan mata na farko a Kano da Katsina a 1930, kuma ɗinki yana cikin manyan abubuwan da matan Turawa suke koyarwa, haka ma a makarantun mishan irin na Wusasa. A nan ne 'yan mata suka koyi ɗinkin furanni da zare mai launi-launi, da irin ɗinkin nan na gicciye wanda ake ƙirga idon yadi a ɗora zare a kan zare. Suka riƙa yi wa zanen gado da rigar matashin kai da labule, har ya zama ado na ɗakin amarya, kuma wadda ta koya a makaranta ta koya wa maƙwabtanta. Bayan haka mata da yawa suka kama ɗinkin hula. Ta haka aka wayi gari da allura biyu a gida ɗaya, ta zaure tana yi wa sarakuna da attajirai aiki, ta tsakar gida kuma tana yi wa amare da samari. Su maza kuwa, keken ɗinki ya riga ya fara jan wasunsu zuwa rumfar tela.

Allura ta shiga cikin gida

Babban canji ya zo ne a shekarun 1970. Kuɗin man fetur ya shigo, aka yi ƙarin albashin Udoji, ma'aikaci da ɗan kwangila kowa yana son babbar riga. Da aka koma mulkin farar hula a 1979 kuwa, sai ta zama kayan aikin ɗan siyasa. To, a daidai lokacin da masu son riga suka yawaita, a lokacin ne masu ɗinka ta suka ragu. Shirin ilmin firamare kyauta na 1976 ya kwashe yara daga zaure, samari kuma suka tafi aikin gwamnati da na masaƙu da tuƙin mota, wasu suka koma yin aikin da keke, wanda yake gama a kwana biyu abin da hannu zai yi wata yana yi.

Da dillalai suka rasa hannu a zaure, sai suka fara aika aiki cikin gida ta hannun yara. Matan da suka riga suka saba da allura a kan hula da zanen gado ba su sha wuyar kama aska da tambari ba. Da aka shiga matsin shirin tsuke bakin aljihu na 1986, abin da maigida yake kawowa ya daina isa, sai ɗinkin riga ya zama babbar sana'ar matan aure a birnin Zariya. Elisha Renne, wata masaniya daga Amurka wadda ta daɗe tana bincike a Zariya, ta rubuta labarin wannan canji. Gwaggona ma a cikin wannan ayari ta shiga. Ta ce wani dillali ne ya fara aiko mata da wuyan riga ta gwada, daga nan ba ta sake ajiye allura ba.

A nan amsar tambayata take. Cikin abubuwa ukun da yaron zaure yake koyo, ɗaya kaɗai ne ya ƙetare soro ya shiga cikin gida, watau ɗinki. Riga takan zo wa mace ne a yanke, a zane, da zarenta a ƙulle. In ta gama yaro ya zo ya ɗauka, a aiko mata da ladanta. Ba ta ga mai zane yana zane ba, ba ta ga mai saye yana taya ba. Idonta ne yake dushewa, bayanta ne yake ƙagewa, amma riba tana can wajen wanda ya sayi shadda ya kuma san hanyar kasuwa. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ita zayyanar ma da ta rage a zaure ba ta zauna lafiya ba. Tsofaffin da suka iya ta suna ƙarewa, 'ya'yansu ba su gaje su ba, dillali kuma ba ya son sai zane uku ko huɗun da ya san suna tafiya a kasuwa. Masaƙar Kaduna Textiles da ta kashe mazari ita ma an rufe ta a 2002, yadin da ake ɗinki a kansa ya koma shaddar Ostiriya da ta ƙasar Sin. Ga kuma ɗinkin kwamfuta ya zo, wanda yake kwaikwayon aikin hannu cikin 'yan sa'o'i.

Duk da haka akwai waɗanda suka nuna hanya. A 1994 aka kafa wata ƙungiyar mata maɗinka a birnin Zariya mai ɗauke da sunan Sarauniya Amina. Matan nan suka ɗauki zanen babbar riga suka ɗora shi a kan wasu kayayyaki, kamar rigunan mata da jakunkuna da rigar matashin kai, har aikinsu ya kai kasuwar kayan hannu ta duniya da ake ci a Santa Fe ta Amurka. Labarinsu ne ya ba ni ƙarfin gwiwar cewa mu ma za mu iya gwada namu daidai ƙarfinmu.

Yadda muka fara

Na fara ne da kuskure irin namu na 'yan boko. Na sayi littafi na rubuta tsarin mulki, na tsara muƙamai tun daga shugaba har zuwa mai binciken kuɗi. Gwaggo ta bi gida-gida da dare ta nemi izinin mazaje, muka taru mu takwas a tsakar gidanmu wata ranar Alhamis da hantsi. Na miƙe na karanta takardata. Kafin in kai ƙarshe gardama ta kaure a kan wadda za ta riƙe kuɗi, mako na gaba kuma mu uku kaɗai muka zo. Gwaggo ta dube ni ta ce, "'Yata, mu da muke adashi tun ba a haife ki ba, ke ce za ki koya mana zaman tare? Ajiye takardar nan."

Na ajiye. Aka mai da abin adashi, aka ba wata dattijuwa wadda kowa ya yarda da amanarta ta zama uwar adashi. Bambancinsa da wanda aka saba ɗaya ne, in an yi zubi ba a ba kowa kwasa, sai a sayo zare da yadi a sari. Da wannan ɗan jari mata suka fara ɗinka hular kansu da kansu, ba ta dillali ba, kuma muka sa wani ƙanena ya riƙa kai wa masu saye, ya dawo ya faɗi abin da aka taya a gaban kowa. Ranar da aka fara jin ainihin kuɗin da ake sayar da hula, tsakar gida ta yi tsit.

Saura zane. A dangi akwai ƙanen kakana, tsoho ne wanda ya tashi a zauren yayansa, kuma shi kaɗai ya rage a unguwar cikin waɗanda suka koyi zayyana ta asali. Da yake kakanmu ne, babu mai hana shi shiga cikin gida. Na je na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Allah gafarta Malam, mun zo ne a taimaka a koya mana zayyana." Ya yi dariya ya ce, "Amaryata, boko ne ya kawo ki har nan? Zayyana ai ba aikin mata ba ce." Ban yi musu ba, sai na warware takardun nan na ajiye a gabansa. Ya ɗauki ɗaya ya kai ta dab da idonsa, domin yana ta fara rufe masa gani, ya daɗe yana shafa wurin da gara ta ci. Can sai ya ce, "Ranar Alhamis ku shimfiɗa mini buzu."

Koyarwarsa irin ta zaure ce. Aka fara da zane a ƙasa da tsinke, sa'an nan a kan takardar buhun siminti da alƙalami da tawada, sai da hannu ya faɗa kana ya yarda a taɓa yadi. Ba ya awo da komai sai yatsu da taƙi. Yakan ninka yadi ya sami tsakiya, yakan fitar da da'irar tambari da zare da allura a kafe. Ya kuma bi takardun adaka ɗaya bayan ɗaya yana faɗin sunayensu da irin mutumin da ake yi wa kowace, ni kuma ina rubutawa. Guda biyu ya ce ya sha ganin yayansa yana zana su, amma sunan ya ɓace masa. Har yau ba mu sami wanda ya san su ba.

Rigarmu ta farko aska biyu ce a kan farar shadda. Wata yarinya 'yar shekara goma sha shida ta zana, mata huɗu suka ɗinka, ta ci wata huɗu. Da aka kai wa dillali, kallo ɗaya ya yi mata ya ce aska ɗaya ta fi ɗaya kauri, kuma gaskiyarsa ne. Ya taya da abin da bai kai kuɗin shadda ba, muka ƙi. Daga baya wani ɗan'uwanmu ya saya domin ɗaurin aurensa, muka fitar da uwar kuɗi da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Malam da ya ji labari sai ya ce shi tasa ta farko yayansa farke ta ya yi gaba ɗaya.

Ga wanda yake son ya gwada irin wannan a unguwarsu, abin da muka koya kaɗan ne. A gina a kan abin da mutane suka riga suka sani, kamar adashi, kada a zo musu da baƙon tsari. A riƙe ƙaramin aiki irin hula domin cefanen mako, babban aiki kuma a bar shi ya tafi a hankali. A rubuta wadda ta yi kowane ɓangare tun ranar da aka fara, domin rabon kuɗi shi yake raba zumunci. A yi ɗinki da hasken rana saboda ido. Sama da duka, a nemi tsohon da ya san zane tun yana da rai. Namu Allah ya yi masa rasuwa da daminar 2024, Allah ya jiƙansa. Ya bar 'yan mata biyu da suke iya zana aska takwas ba tare da sun dubi takarda ba.

Kammalawa

Mun ga yadda allurar riga ta tashi daga zauren malamai ta koma tsakar gida, da yadda ta bar zane da farashi a baya. Sana'ar ba ta mutu ba, mata ne suka tallafe ta lokacin da maza suka sake ta, amma sun karɓe ta ne babu ilminta babu ribarta. Ƙungiyarmu ƙarama ce, kuma ba zan ce ta fitar da kowa daga talauci ba. Abin da zan iya cewa shi ne, yanzu in dillali ya aiko da aiki, Gwaggo takan faɗi ladanta ne da bakinta, domin ta san abin da rigar za ta yi a kasuwa.

Saura kira ga wannan ƙungiya tamu. Mun saba fita ƙauyuka muna tattara karin magana da tatsuniyoyi da waƙoƙin baka, kuma hakan ya yi kyau. To, sunayen ɗinki da na zane da na sassan riga su ma harshe ne. Wanda ya buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934 zai tarar da sunayen tufafi da yawa waɗanda ko a kasuwa ba a jin su yanzu. Ina ba da shawara kowane ɗalibi in ya tafi hutu ya nemi tsohon maɗinki ko tsohuwar mai kaɗi a garinsu, ya zauna ya rubuta abin da suka sani, ya ɗauki hoton zanen in akwai, mu tara su a ɗakin karatun sashe. Ina kuma roƙon malamanmu su riƙa ba da irin wannan batu a matsayin kundin kammala digiri. A duba tsofaffin adakun gida tun gara ba ta gama da su ba.

In an ga kuskure a cikin abin da na faɗa, ina maraba da gyara a fitowa ta gaba. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa wa sana'o'inmu albarka, amin.